Daga Keji Zuwa Tsibiri: Tarihin Goggon Birai a Gidan Zu na Landan

Ranar 5 ga Nuwamban 1947 aka sauke wani ɗan goggon biri a gidan namun daji na Landan. Nauyinsa bai wuce kilo 10 ba, kuma yana ƙanƙame da 'yar gorar ruwan zafi ta ƙarfe da aka ba shi saboda sanyi. Daren ya dace da bikin da mutanen Ingila ke yi kowace shekara don tunawa da Guy Fawkes, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa ginin majalisarsu da albarushi a 1605, don haka garin ya cika da ƙarar wasan wuta. Daga nan birin ya samu sunansa, Guy. A dajin Kamaru aka kamo shi lokacin ƙasar tana hannun Faransa, aka kai shi gidan zu na Faris, daga can aka yi musayarsa da damisar Asiya.

Guy ya haura shekara 30 a wannan gida, kuma har yau mutum-mutuminsa na tagulla yana nan ba nisa da ƙofar shiga, yara na hawa bayansa ana ɗaukarsu hoto. Sai dai wanda ya san gidan a zamanin Guy, in ya dawo yau, da ƙyar zai gane shi. Giwaye sun tashi, karkanda ta bi su, an hana jefa wa dabbobi abinci, kuma maimakon namiji ɗaya tilo a bayan sandunan ƙarfe, iyali ne sukutum ke zaune a fili mai ciyawa da bishiyoyi: uba, matansa da 'ya'yansu. Tsakanin goggon biri na farko da aka kawo a 1887 da buɗe wannan fili a 2007 akwai shekara 120. Yawancin abin da aka koya a cikinsu, sai da dabbobi suka mutu aka koye shi.

Gidan da aka gina wa masana

Ba don 'yan kallo aka kafa gidan ba. A 1826 Sir Stamford Raffles, jami'in mulkin mallakan nan da ya kafa tashar Birtaniya a Singafo, ya haɗa kai da wasu masana suka kafa Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Landan. Raffles ya rasu a wannan shekarar, bai ga ko keji ɗaya ba. A Afrilun 1828 aka buɗe lambun a gefen arewa na filin shaƙatawa na Regent's Park, kuma 'yan ƙungiya ne kawai ke shiga, sai wanda suka ba takardar izini. Da kuɗi suka yi ƙaranci, a 1847 aka buɗe ƙofa ga duk mai iya biyan kuɗin shiga.

Tun daga farko Afirka ce ke cika wa gidan aljihu. A 1836 aka kawo raƙuman dawa huɗu daga Sudan, aka sauke su a tashar jirgin ruwa, aka taka da su a ƙasa ta cikin titunan Landan har zuwa lambun. Ɗakin da aka gina musu a 1837 har yau raƙuman dawa ne a ciki. A 1850 Abbas Pasha, mai mulkin Masar, ya aiko da wata dorina da aka kamo a kogin Nilu, aka sa mata Obaysch. Tun zamanin Rumawa ba a ga dorina da rai a Turai ba, kuma a shekarar yawan masu shiga gidan ya ninka. A 1865 Jumbo ya iso, toron giwar da aka haifa a Sudan, ya yi shekara 17 yana ɗaukar yara a bayansa, kafin a sayar da shi ga Ba'amurke mai wasan dabbobi P. T. Barnum a 1882 kan fam 2,000. Jirgin ƙasa ne ya buge shi ya mutu a Kanada a 1885.

Tsarin zamanin a fili yake: a kamo, a nuna, in ta mutu a aika a kamo wata. Masu kula da gidan sun ɗauka dabbar ƙasa mai zafi ba za ta jure iskar Ingila ba, sai suka riƙa kulle su a ɗakuna masu ɗumi da ba iska, cuta na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Sai a farkon ƙarni na 20, da Peter Chalmers Mitchell ya zama sakataren ƙungiyar, aka fara fitar da dabbobi su sha iska. Shi ne kuma ya jagoranci buɗe Whipsnade a 1931, wani faffaɗan fili a ƙauye arewa da Landan, wanda daga baya ya zama mafakar manyan dabbobin da birni ya yi wa ƙunci.

Dabbar da aka yi wa ƙazafi

Goggon biri ya makara wajen shiga wannan ciniki, domin Turawa ba su ma tabbatar da akwai shi ba sai a 1847. A shekarar ne wani ɗan mishan Ba'amurke, Thomas Savage, ya samu ƙoƙunan kai da ƙasusuwa a Gabon, shi da masani Jeffries Wyman suka bayyana wa duniyar kimiyya dabbar da mutanen dajin suka sani tun kaka da kakanni. Bayansu sai Paul du Chaillu, mafarauci kuma matafiyi, ya fitar da littafi a 1861 wanda ya siffanta goggon biri a matsayin dodo mai dukan ƙirji da neman rai. Littafin ya yi kasuwa, sunan kuma ya manne wa dabbar kusan shekara ɗari.

Kawo shi Turai da rai ya zama jan aiki. Babba ba ya kamuwa da kayan aikin wancan zamani, don haka jarirai ake nema. Uwa kuwa ba ta sakin ɗanta, uban garke ba ya gudu ya bar iyalinsa, saboda haka kafin a ɗauki jariri ɗaya sai an harbe uwar, sau da yawa har da uban. Wanda ya tsira daga harbi sai ya fuskanci doguwar tafiya a jirgin ruwa, da tarin mutane, da abincin da cikinsa bai sani ba. Wani da ake kira M'Pungu ya isa Balin a 1876, aka riƙa ba shi abincin mutane har da nama da giya, aka kai shi Landan aka nuna, ya mutu a 1877. Na farkon da gidan zu na Landan ya mallaka, Mumbo, ya zo a 1887, 'yan watanni kawai ya yi ya mutu. Waɗanda suka biyo bayansa ma ba su yi nisan kwana ba.

A 1932 aka kawo Mok da Moina, namiji da mace, daga Kongon Faransa. Wannan karon aka ce a yi abin da ilimi. Aka ɗauko matashin mai zanen gine-gine Berthold Lubetkin, ya zana musu ɗaki mai da'ira wanda aka buɗe a 1933: rabi rufaffe, rabi keji a buɗe, da bangon gilashi mai juyawa da ake rufewa lokacin sanyi, wanda kuma yake tare ƙwayoyin cutar da 'yan kallo ke ɗauke da su. Ginin ya birge masana gine-gine har hukuma ta sa shi a sahun farko na gine-ginen tarihi da ba a rushewa. Amma siminti ne da ƙarfe, ba ƙasa, ba ganye, ba lungun da dabba za ta ɓoye wa idon mutane. Mok ya mutu a 1938 da ciwon ƙoda, Moina ta bi shi a 1939, ba su bar baya ba. A shekarar da aka buɗe ɗakin nasu ne fim ɗin King Kong ya fito a Amurka, ya ƙara dasa wa jama'a tsoron dabbar da ganye ne abincinta.

Bayan mutuwarsu yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Aka kashe macizai masu dafi don gudun kada bom ya fasa kejinsu su bazu cikin gari, aka kwashe manyan dabbobi zuwa Whipsnade, bama-bamai kuma suka faɗa cikin lambun. Wannan gida ne, mai fama da gyare-gyaren bayan yaƙi, Guy ya tarar.

Zamanin Guy

Jaririn mai gorar ruwan zafi ya girma ya kai kilo 240, in ya buɗe hannuwansa faɗinsu ya kusa mita 3. Mutane na tururuwa su ga dodo, sai su tarar da wani abu dabam. Ƙananan tsuntsaye kan shiga kejinsa neman tsaba. Guy yakan miƙa hannu a hankali ya ɗauki ɗaya a tafinsa, ya kawo shi kusa da fuska ya ƙura masa ido, ya juya shi ya duba, sannan ya buɗe yatsu ya bar shi ya tashi. Dubban mutane sun ga haka da idonsu, kuma wannan ya yi wa sunan goggon biri a Ingila gyaran da littattafan masana ba su yi ba.

Ƙaunar da aka yi masa ta zo da nata lahani. Shekara da shekaru 'yan kallo na jefa masa alewa da biskit da kayan zaƙi, har haƙoransa suka lalace. Babbar cutarsa kuwa kaɗaici ce. Ya haura shekara 20 bai haɗa ido da ɗan'uwansa ba. Sai a 1969 aka samo masa mace mai suna Lomie, aka yi ta gabatar da su a hankali, aka haɗa su a sabon ginin birai a farkon shekarun 1970. Sun zauna lafiya, amma ba su haihu ba, kuma masu kula da shi sun danganta hakan da daɗewar da ya yi shi kaɗai. A 1978 aka yi masa allurar barci don a cire ruɓaɓɓun haƙora, zuciyarsa ta buga, bai farka ba. Jaridun Birtaniya sun ba da labarin kamar na babban mutum. Da aka ji za a cusa fatarsa a ajiye a gidan tarihi jama'a sun yi ta ƙorafi, amma a 1982 aka fito da shi a gidan tarihin halittu na Landan.

Duk shekarun da Guy ke zaune a keji, ilimi na sauyawa a waje. A 1959 George Schaller ya shiga tsaunukan Virunga ba bindiga, ya zauna kusa da goggon biran tsauni yana rubuta abin da ya gani. Dian Fossey ta ɗora daga 1967 a sansaninta na Karisoke a Ruwanda, har zuwa kisan da aka yi mata a 1985. Abin da suka gano ya rushe tsohon labari. Goggon biri a cikin dangi yake rayuwa, ƙarƙashin babban namiji mai furfurar baya. Yini yake yi yana cin ganye da tsirrai da 'ya'yan itace, da yamma kowa ya shimfiɗa sabon gado na ganye. Mace na ɗaukar ciki wata takwas da rabi, ta haifi ɗa mai kimanin kilo 2, ta shayar da shi shekara uku zuwa huɗu. 'Yar da ba ta ga uwarta ko wata mace na reno ba, da wuya ta iya reno in ta girma. Dukan ƙirjin da ya tsorata du Chaillu kuwa, galibi gargaɗi ne na a ja da baya.

Gidajen zu ma suka fara cin gajiyar wannan sani. A Disamban 1956 aka haifi Colo a Columbus ta jihar Ohio, goggon biri na farko da aka haifa a hannun mutane, ta kuwa yi shekara 60 a duniya. A 1959 aka haifi Goma a Basel ta Suwizalan, ta farko a Turai. Ƙaninta Jambo ne ya girgiza duniya a 1986 a gidan zu na tsibirin Jersey, lokacin da wani yaro ɗan shekara biyar ya faɗa cikin filinsu ya suma, Jambo ya tsaya a kansa yana shafa bayansa, ya hana sauran matsowa har aka zo aka ɗauke shi. A ɓangaren doka kuma, yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a 1973, ta fara aiki a 1975, ta haramta cinikin irin waɗannan dabbobi tsakanin ƙasashe. Daga nan duk gidan zu mai mutunci ya san in yana son goggon biri, sai dai ya haifa ko ya aro daga wani gidan.

Shekarun tangal-tangal

Gidan zu na Landan da ya karɓi mutum sama da miliyan 3 a 1950 ya wayi gari mutane na raguwa. Talabijin ta kawo daji cikin falo, kuma wanda ya ga David Attenborough kwance cikin goggon biran Ruwanda a shirinsa na 1979 ba zai ƙara kallon keji da ido ɗaya ba. Masu rajin kare dabbobi suka matsa lamba, gine-gine suka tsufa, kuɗi suka ƙare. A 1991 aka sanar za a rufe gidan, aka sake nanatawa a 1992. Jama'a suka tashi da gudummawa, Sarkin Kuwaiti ya ba da fam miliyan 1, gidan ya tsallake rijiya da baya.

Abin da ya fito daga wannan girgiza gida ne mai sabuwar manufa: a rage yawan manyan dabbobi, a faɗaɗa wa waɗanda suka rage wuri, a mayar da hankali kan masu fuskantar ƙarewa. Filin gaba ɗaya kadada 15 ne kacal, ba ya ɗaukar komai da komai. A 2001, shekarar da giwa ta kashe ɗaya daga cikin masu kula da ita, aka kwashe giwayen zuwa Whipsnade, aka rufe babin kusan shekara 170 na zaman giwa a Regent's Park. A 2004 aka fitar da tsuntsayen fengwin daga shahararren tafkin da Lubetkin ya zana musu a 1934, bayan an lura tafiya a kan siminti na cutar da ƙafafunsu, kuma a 2011 aka buɗe musu sabon tafki mai faɗi. Damisar Sumatara ta samu sabon fili a 2013, zakunan Asiya a 2016. Katafaren kejin tsuntsaye na Snowdon da aka gina a shekarun 1960 ya koma gidan birai masu baƙi da fari a 2022. Mai yawo a lambun yau zai riƙa wuce tsofaffin gine-ginen da doka ta hana rushewa, ilimi kuma ya hana a mayar da dabbobin da aka gina su dominsu.

Tsibiri da rikicin gado

A Maris 2007 mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, Duke na Edinburgh, ya buɗe Gorilla Kingdom, wato masarautar goggon birai, wadda ta ci fam miliyan 5.3. Tsibiri ne da ruwa ya kewaye, ga ciyawa, ga kututturan hawa, ga ɗakin motsa jiki mai ɗumi, kuma gilashi ne tsakanin dabba da mutum. Abinci ma ya sauya. Yanzu ganyaye ne da kayan lambu da rassan itace, ana watsa su ko a ɓoye cikin ciyawa don dabbar ta yini tana nema kamar yadda take yi a daji. An rage 'ya'yan itacen kasuwa saboda yawan sukarinsu, domin ciwon zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe mazan goggon birai a gidajen zu.

Gina wuri ya fi gina iyali sauƙi. Bobby, namijin da aka buɗe tsibirin da shi, ya mutu a Disamban 2008. Aka kawo Yeboah daga Faransa a ƙarshen 2009, ya mutu a Maris 2010, ya bar wata matashiya mai suna Mjukuu da ciki. Garken mata ba namiji ba ya zama lafiya, don haka a Agustan 2010 aka kawo Kesho daga Dublin. A Oktoba Mjukuu ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Tiny. Masu kula da su sun san haɗarin da ke gaba, domin a daji ma sabon uban garke kan kashe jaririn da ba nasa ba don uwar ta koma ɗaukar ciki. Suka yi wata da watanni suna raba su, suna gabatar da su ta bayan shinge. A Mayun 2011, da aka haɗa su, rikici ya tashi, Tiny ya ji munanan raunuka, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, bai rayu ba. Daga baya gwaji ya nuna Kesho ba ya haihuwa, aka kai shi gidan namun daji na Longleat a 2012 cikin garken maza zalla.

Sa'a ta dawo da zuwan Kumbuka a 2013. A Belfast aka haife shi a 1997, ya yi zaman garken maza a gidan zu na Paignton kafin a kawo shi. Mjukuu ta haifa masa Alika a Disamban 2014, wata macen mai suna Effie ta haifi Gernot a Nuwamban 2015. Ranar 13 ga Oktoban 2016 sunansa ya zaga duniya. An bar ƙofofi biyu ba a kulle ba, sai ya fita daga ɗakinsa ya shiga lungun ma'aikata, inda ya tarar da mai kula da shi. Mutumin ya yi masa magana cikin natsuwa kamar yadda ya saba, ya ja da baya ya fice. Aka kulle 'yan kallo a cikin gine-gine, 'yan sanda suka iso da bindigogi. Shi kuwa Kumbuka, mai kilo 184, ya samu ruwan zaƙi na 'ya'yan itace da ba a sirka ba, ya shanye lita biyar, aka harba masa allurar barci aka mayar da shi. Bai kai ga inda jama'a suke ba, kuma bai taɓa kowa ba. Ƙungiyar Born Free, mai adawa da tsare namun daji, ta nemi a yi bincike, muhawara kuma ta sake tashi kan ko ya dace a ajiye irin wannan dabba a tsakiyar birni. Kumbuka ya mutu a Oktoban 2019 yana da shekara 21.

Garken ya yi shekara uku ba uba. A Nuwamban 2022 aka ɗauko Kiburi, mai kilo 193, a jirgin sama daga tsibirin Tenerife na Sifaniya. Ba a zaɓe shi da ka ba. Gidajen zu na Turai suna da shirin haɗin gwiwa mai kundin asalin kowace dabba, da shi ake duba wa ya haifi wa, a haɗa waɗanda ba su da dangantakar jini don kada zuriya ta raunana. Ranar 17 ga Janairun 2024 Mjukuu ta haihu bayan naƙudar minti 17, aka sa wa 'yar Juno. Makonni uku bayan haka, a Fabrairu, Effie ta haifi Venus, wadda ta fito cibiya a naɗe a jikinta. Ma'aikata suka zuba ido dare da rana ta na'urar ɗaukar hoto, amma ba su raba ta da uwarta ba, har cibiyar ta faɗi da kanta. A zamanin Colo da Goma, mutane ne ke ɗauke jaririn su rene shi da bulumboti. Yau nasarar da ake nema ita ce uwa ta reni ɗanta, 'yan'uwa mata na kallo suna koyo.

Shirin na da matsalar da har yanzu ba a warware ba. Ana haihuwar maza da mata kusan daidai wa daida, alhali garke uba ɗaya yake buƙata. Shi ya sa ake kafa garken maza zalla irin na Paignton da Longleat, wasu gidajen kuma na yi wa samarin dandaƙa, abin da ke jawo suka mai zafi.

Dajin da aka baro

Goggon biran Landan, kamar kusan duk na gidajen zu a duniya, 'yan asalin dazuzzukan yammacin tsakiyar Afirka ne: Kamaru, Gabon, Kongo da maƙwabtansu. A 2007, shekarar da aka buɗe tsibirin, aka sa wannan jinsi a jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Farauta don nama, saran katako da ke buɗe hanyoyi cikin ƙurmi, da cutar Ebola su ne manyan dalilai. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya nuna Ebola ta kashe kimanin 5,000 a yanki ɗaya na Kongo. Ƙididdigar 2018 ta kiyasta saura kusan 360,000, amma suna raguwa da kashi 2.7 cikin ɗari a kowace shekara.

Satar jarirai ma ba ta ƙare da CITES ba, kuma sunan Najeriya na fitowa a ciki. A 2002 aka fitar da 'ya'yan goggon biri huɗu ta gidan zu na Ibadan zuwa Taiping a Malesiya da takardun da suka ce a hannun mutane aka haife su, alhali daga daji aka kamo su. Sai da aka yi shekara biyar ana ja-in-ja, aka bi da su ta Afirka ta Kudu, kafin a mayar da su Kamaru a 2007, cibiyar kula da namun daji ta Limbe ta karɓe su. A Disamban 2024 jami'ai a filin jirgin saman Santambul suka buɗe wani akwati da ya taso daga Najeriya zai tafi Tailan, suka tarar da jaririn goggon biri ɗan wata biyar a ciki.

Gidajen zu na da abin nunawa in aka tambaye su amfaninsu. Mariri, farar dabbar sahara mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, ta ƙare ƙaf a daji, kuma daga zuriyar waɗanda aka tsare a hannun mutane aka fara sakinta a Chadi a 2016. Masanan Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Landan na cikin masu bibiyarta, kuma a 2023 aka cire ta daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Da goggon biri abin ya fi wuya. Gidauniyar Aspinall ta mayar da wasu daga gidajen namun dajinta na Kent a Ingila zuwa Gabon da Kongo, wasu sun rayu har sun haihu, wasu sun mutu. Goggon biran tsauni kuwa, waɗanda babu su a gidan zu ko ɗaya, su ne kaɗai adadinsu ke ƙaruwa. Daga kimanin 250 a Virunga a farkon shekarun 1980, jimillarsu a Ruwanda, Yuganda da Kongo ta kai 1,063, saboda masu gadin daji, likitocin dabbobi da kuɗin 'yan yawon buɗe ido da ake raba wa ƙauyukan da ke kewaye.

Wannan darasi ya shafi Najeriya kai tsaye. Jinsin goggon biri mafi ƙaranci a duniya a kan iyakarta da Kamaru yake, a tsaunin Afi, tsaunukan Mbe da yankin Okwangwo na gandun dajin Kuros Riba. Ba su wuce 300 ba, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a Landan ko wani gidan zu na Turai da Amurka da za a ce an ajiye iri. A 2020 na'urorin ɗaukar hoto da aka ɗaura a bishiyoyin Mbe suka kama wani garke da jarirai a bayan iyayensu, a dajin da ƙauyuka tara suka haɗu suke gadinsa. In waɗannan suka ƙare, babu inda za a je a aro wasu. Tsare su ya rataya ne a wuyan gwamnatocin Najeriya da Kamaru, da jami'an kwastan na filayen jiragen sama, da duk wanda aka yi wa tallar jaririn biri ko namansa ya ƙi saya.